Shafe-Shafen Auta

Duk wanda ya saba bin babban titin da ya wuce gaban tashar mota ya san mutumin nan da ke tsallaka titi da baya. Ba taɓuwa gare shi ba, aiki yake yi. Zai ja layi biyu-uku a jikin allo, sai ya cije burushi a baki ya fara ja da baya, idonsa na kan allon, ƙafarsa na laluben hanya da kanta. Masu babur su yi ta danna hon, direbobi su leƙo ta taga su yi masa tas, shi ko a jikinsa. Sai ya dangana da wancan gefen, gaban shagon Mai Aski, ya karkata kai, ya kanne ido ɗaya, ya ce "Yawwa!" ko ya ce "Kash!", sannan ya dawo da gaba kamar sauran bayin Allah. Ya kwashe shekaru yana wannan tafiya, kuma cikin ikon Allah abin da ya taɓa bangaje shi kawai wata akuya ce.

A titi sunansa Fenta. A gida kuwa Auta ne, duk da furfurar da ta cinye masa gemu, duk da cewa shi ma har ya aurar da 'ya. Shagonsa ɗan ƙuƙut ne tsakanin mai facin taya da mai sayar da katifa. Gwangwanaye a jere, burushi manya da ƙanana a tsome cikin kananzir, tsani a jingine, daɓen kuwa ya sha ɗigon fenti har ba wanda ke tuna asalin launin simintin. Rabin allunan titin nan hannunsa ne. Shi ya yi kawunan da ke jere a ƙofar Mai Aski, shi ya yi matar da ke riƙe da kwalbar maganin tari a gaban kemis, shi ya yi kazar mai sayar da abincin kaji, wadda aka ce ta fi mai shagon kwarjini. Zakunan da ke bayan manyan motoci kuwa, ya saki da yawa a kan hanya, suna can suna yawo a garuruwan da shi bai taɓa takawa ba.

Mutum ne mai fara'a, mai waƙa a bakin aiki da muryar da ba ta da daɗi ko kaɗan. Abu ɗaya ke ɓata masa rai, shi ne sunan nan Fenta.

Ita kalmar ba 'yar gida ba ce. Tare da gwangwanin fenti ta shigo daga bakin Turawa, bakinmu ya karɓe ta, ya lanƙwasa ta daidai da harshensa, ta zauna daram. Ba ta da wani aibu sai rashin zaɓe. Wanda ke shafa wa bango fari fenta ne. Wanda ke fesa wa tsohuwar mota ja don a yaudari mai saye, shi ma fenta ne. Wanda ke bin titi yana ja masa layi, fenta. To ga mutumin da ya zana zaki a bayan mota har jaki ya tirje ya ƙi wucewa, a ce shi ma a jefa shi cikin buhu ɗaya da su? Auta ya ce bai yarda ba, kuma bai gaji da faɗa ba.

Kalmar da yake so ita ce mai zane. In ya zauna a kujerar Mai Aski aka ɗaura masa ƙyalle a wuya, nan karatun ke tashi.

"Ka ga zane, ya riga fenti zuwa duniya," zai ce. "Tun ba a san gwangwani ba ake zana ƙwarya da wuƙa, ana zana bango da yatsa tun laka na ɗanye. Ba ruwansa da abin da ka riƙe, ko alli ko gawayi. Shi dai ka fito da siffa inda babu siffa. Wanda ya shafa wa makarantar can ruwan ƙwai, fenta ne, Allah ya ba shi sa'a. Shi rufe abu yake yi, ni kuwa fito da abu nake yi. Ka gane bambancin?"

"Sarai na gane, Fenta," in ji Mai Aski. "Ɗan sunkuyar da kai."

Da samarin kwamfuta suka buɗe shago a ƙarshen layi suna buga hotuna a jikin leda, sai ga wata sabuwar kalma, wai su atis ne. Wani ya ce wa Auta ai ga suna ya samu. Ya bincika, ya tarar har masu karkata hula suna tsalle a talabijin atis ake ce musu, ya ce a kai kasuwa. Maimakon haka ya hau tsani ya rubuta MAI ZANE a saman shagonsa da haruffa masu inuwa, ja a kan fari, ana hangowa tun daga tasha. Abin ya yi amfani ƙwarai. Daga ranar, duk wanda ke kwatance sai ya ce, "Ka je shagon Fenta, za ka ga an rubuta mai zane a sama."

Wannan duk abin dariya ne, shi ma yakan dara. Inda abin ke yi masa ciwo da gaske a gida ne, a bakin Inna.

Inna, mahaifiyarsa, tsohuwa ce tukuf, ƙarama, mai kaifin harshe. Tana zaune a tsohon gidansu tare da babbar 'yarta, wadda kowa ke kira Yaya. In baƙuwa ta zo gaishe ta ta tambayi yara, Inna takan gyara zama ta fara jero su. Babbar nas ce, ta yi ritaya. Mai bi mata malamin makaranta ne. Na ukun yana tuƙa motar kamfani. In ta zo kan na ƙarshe sai ta ɗaga hannu ta kaɗa iska sama da ƙasa.

"Shi kuma Auta yana can yana 'yan shafe-shafensa."

Shafe-shafe. Ko Fentan ma ba ta ba shi ba. Kuma ba da mugunta take faɗa ba, ita iyakar abin da ta ɗauki aikin ke nan tun yana ƙarami yana ɓata mata bango da gawayi tana binsa da tsumma. Ba ta taɓa taka shagonsa ba. Ba ta taɓa tsayawa ta dubi allo guda nasa ba. In ya zo gaishe ta, abin da take fara dubawa kunnensa ne, ko da fenti. Yakan yi dariya tare da baƙin, ya raka su ƙofa, amma a hanyar komawa shago ba ya waƙa. Abin da yake so bai taka kara ya karya ba: kafin ɗayansu ya bar duniya, Inna ta dubi aikin hannunsa sau ɗaya ta kira shi da sunansa.

Mahaifinsu ya rasu tun Auta na saurayi. Mai gyaran agogo ne, mutum mai ɗaure fuska, wanda ya ƙare rayuwarsa a sunkuye da ɗan gilashi maƙale a ido ɗaya yana tsintar ƙananan ƙusoshi. In yana gida ko tari sai ka nemi izini. Hotonsa guda ne tak a duniya, ɗan ƙarami cikin gilashi, a rataye saman gadon Inna. Wata damina kwanon ɗakin ya fara yoyo daidai wurin, ba wanda ya lura, ruwa ya yi ta bin bango yana shiga bayan gilashin. Ranar da Inna ta sauko da shi za ta goge, sai ta tarar da hula da riga, fuskar kuwa ta narke. Ta sa gefen mayafinta ta murza ko za ta fito, abin da ya rage ma ya tafi.

Ba ta yi kuka a gaban kowa ba, amma ta rage cin abinci, ta rage faɗa, kuma rage faɗan ne ya tayar wa kowa hankali. Yaya ta ɗauki hoton ta kai wa samarin kwamfuta. Suka ce wannan ai ƙaramin aiki ne. Suka dawo mata da wani kyakkyawan baƙo mai sumul-sumul da kumatu, sanye da hular Baba. Inna ta dube shi, ta ce ita ba ta san wannan bawan Allah ba, a mayar wa danginsa.

Nan Auta, da ke zaune a gefe, ya miƙe zumbur don murna.

"Inna, ni zan zana miki Baba."

"Kai dai kar ka ɓata min bango," in ji ta.

Ai wannan a wurin Auta izini ne. Ya fita daga gidan kamar ya tashi sama. Ya gaishe da mai facin taya har sau biyu, ya rungume mai katifa da ba sa ko ga-maciji, ya zarce wurin kafinta ya ce a haɗa masa allo ɗan ƙarami, na ɗaki. Sai dai mutumin da ya saba da bayan babbar mota, ƙarami a wurinsa wani abu ne daban. Kafinta ya nuna masa wani, ya ce wannan ai ko hanci ba zai ɗauka ba. Aka nuna masa wani, ya ce ina za a sa kunnuwa? Wanda ya amince da shi a ƙarshe ya fi ƙofar shagonsa tsawo, don haka a waje aka jingine shi, yana fuskantar titi, inda duk aikinsa ke tsayawa.

Ya mayar da duk masu kawo aiki. Mai gidan burodi ya zo da zancen sabon allo, ya ce masa ya dawo wani watan, yanzu yana tare da mahaifinsa. Mutumin ya tafi yana waiwaye.

Ba a taɓa ganin tsallaka titi irin na kwanakin nan ba. Ya ja layin goshi, ya tsallaka. Ya ɗora inuwar hanci, ya tsallaka. Direbobin tasha suka gaji da zagi suka koma rage gudu tun daga nesa. Daga ƙwaƙwalwa yake zarowa, kuma abin mamaki, hannunsa ya fi shi tunawa. Ga kunnen nan na hagu da ya ɗan fi na dama buɗewa. Ga zoben da gilashin aiki ya bari kewaye da ido ɗaya. Ga jijiyar da ke tashi a gefen goshi in agogo ya ƙi tafiya. Ranar da idanun suka fito, Auta na gaban shagon Mai Aski ya kanne ido, sai ya ji ya cire burushi daga baki ya ɓoye a bayansa, yadda yake ɓoye gawayi a da. Ya kwashe da dariya shi kaɗai har ya riƙe ciki.

A gida matarsa ta shiga uku da waƙa. Ya zuba wa shayinsa gishiri ya shanye bai sani ba. Ya kira ta da sunan launi fiye da sau ɗaya.

"Malam, in Inna ta gani ta ce shafe-shafe fa?" ta tambaye shi.

"Ba za ta ce ba. Wannan ko makaho ya shafa zai ce Baba ne."

"To Allah ya sa. Ka dai wanke kunnenka ranar."

Ranar kuwa ya wanke, ya sa farar riga da ba ta taɓa ganin ƙofar shago ba. Aka lulluɓe allon da zanen gado, aka ɗora a amalanke, mai turawa na gaba yana haki, Auta na gefe yana ba motoci hannu kamar ɗan sanda. Mai Aski ya rufe shago ya biyo su, ya ce ba za a ba shi labari ba.

Ƙofar gida ta karɓi allon da ƙyar. Ƙofar ɗakin Inna kuwa ta ce sam. Aka karkata shi, aka kwantar, aka miƙar, aka juya. Mai amalanke ya ba da shawarar a ɗan rage shi da zarto, Auta ya yi masa wani kallo, ya janye maganarsa. A ƙarshe aka cire ƙyauren ɗakin gaba ɗaya, aka kashe fanka, aka tura allon ciki a gicciye, ƙafarsa a jikin gado, kansa na tokare da silin. Ɗakin ya yi duhu. Inna na zaune a bakin gado ta naɗe ƙafafu don kar a take ta, tsakaninta da allon bai fi ta miƙa hannu ba.

Auta ya yi gyaran murya, ya janye zanen gadon.

Abin da ya manta, shi da ya fi kowa sani, shi ne aikinsa ba na kusa ba ne. Allon talla don wanda ke wucewa a mota ake yin sa. Daga can nesa launuka ke haɗuwa su zama kumatu da ido. A kusa kuwa gurɓi-gurɓi ne, nan ja, nan ruwan ƙasa, nan wani kore da ba ka san me ya kawo shi fuskar mutum ba. Ga shi idon Inna ya daɗe da daina ganin kusa. Ba ta iya zura zare a allura, amma tana zaune a ƙofar gida za ta gaya maka wanda ya shawo kwanar layi da abin da ya riƙo. Abin da ke daidai fuskarta a lokacin ƙofar hanci ce guda, mai faɗin kwanon sha.

Ta duba sama, ta duba ƙasa. Ta miƙa yatsa ta taɓa ko ya bushe.

"To, sannu da ƙoƙari," ta ce. "Shafe-shafe ya yi kyau. Yanzu ta ina zan riƙa fita?"

Kafin Auta ya haɗiye wannan, sai ga muryar Yaya daga tsakar gida, inda ta ja baya tana leƙowa ta gurbin ƙyauren.

"Auta! Me nake gani haka? Baba ne da haƙora a waje kamar tallan man goge baki?"

Ya fito ya tsaya inda take, ya duba. Wallahi haka ne. Baba na dariya, baki har kunne. Tsawon kwanakin nan yana kan goshi da ido da kunne, bakin kuwa hannunsa ya yi shi da kansa, yadda ya saba. Wa zai ba ka aikin allo ya ce ka zana masa mutum a murtuke? Matar kemis dariya take da maganin tarinta, kawunan Mai Aski dariya suke, har zakunan ma in ka lura akwai ɗan murmushi. Shekara da shekaru bai zana rufaffen baki ba, kuma ya yi ta kallon wannan daga gaban shagon Mai Aski bai ga komai ba.

"Kai ma ai ka gani," ya ce wa Mai Aski da ƙaramar murya. "Me ya hana ka faɗa?"

"Ni ina na san marigayi? Na ɗauka mutum ne mai fara'a."

"Fara'a!" in ji Yaya. "Mutumin da ko ranar aurena bai nuna haƙori ba."

Aka sake kokawa aka fito da allon. Mai amalanke ya riga ya tafi wani aikin, don haka aka jingine shi a bangon gidan ta waje, yana kallon titi. Ba a jima ba wani ya tsaya da babur ya tambaya ko sabon shagon aski aka buɗe. Wata mata riƙe da kumatu ta tambaya ko nan ne wurin cire haƙori. Mai Aski ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Auta dai bai yi dariya ba. Ya zauna a kan bulo da farar rigarsa da ta riga ta kwashi ƙura, ransa ya ɓaci iyakar ɓaci. Kunya ta ishe shi, kuma ya san dama ce guda ya samu ya ɓarar da ita. Ya ce da an koma shago zai buɗe babban gwangwanin fari ya rufe allon tas, tunda dai fenta ake ce masa.

Ya miƙe don ya yi wa aikin kallon ƙarshe. Ƙafarsa kuwa ba ta san wani kallo ba sai nata. Ta ja shi da baya, ya sauka daga dakali, ya ratsa titi, har bayansa ya bugi teburin mai sayar da lemo a wancan gefen. Ya ɗaga kai.

Ga Baba nan. Launukan sun koma wurarensu, kunnen ya buɗe, zoben idon ya fito, rana ta faɗa kan goshin. Auta ya dubi allon, ya dubi tagar ɗakin Inna, ya dafe kai.

"Kash!" ya ce da ƙarfi, har mai lemo ya zabura. Ya ruga cikin gida a guje.

Ya tarar da ita tana ba da umarnin yadda za a mayar mata da ƙyaure. Ya durƙusa a gabanta.

"Inna, laifina ne. Ba a nan ake kallonsa ba. Ki zo mu tsallaka titi."

"In tsallaka titi? Da wannan gwiwar? Na gani ai, na ce ya yi kyau."

"Ba ki gani ba. Inna, tunda nake ban taɓa cewa ki zo ki dubi aikina ba. Yau ɗaya na roƙe ki. In kin duba kin ce a shafe, da hannuna zan shafe."

Ta dube shi, ƙaton mutum da furfura a durƙushe, ido ya kawo ruwa. Ta ja tsaki, ta ce a miƙo mata takalmi da mayafi.

"Amma da gaba zan tafi, kamar masu hankali. An gaya min yadda kake yi."

Ya ce ai hakan ma ya fi, kar dai ta waiwaya sai ya ce. Haka suka fito, Auta riƙe da hannunta na dama, Yaya na hagu tana mita, Mai Aski a gaba ɗauke da kujerar roba ya ɗaga ta sama yana tsayar da motoci. Inna na taku ɗai-ɗai, tana gaya wa wani direba da ya matsa hon cewa ta haifi ubansa. Titi ya tsaya cak har suka haye. Aka ajiye kujerar kusa da teburin lemo, aka juyar da ita, aka zaunar da tsohuwa.

"To, Inna. Duba."

Ta ɗaga ido. Motoci suka ci gaba da wucewa tsakaninta da allon, suna rufe shi suna buɗewa, ita ko ƙiftawa ba ta yi. Can sai hannunta ya tashi a hankali ya gyara mayafin da ya zame, ta ja shi ya rufe furfurarta, ta gyara zama ta haɗa ƙafafu.

Yaya ta ga kallon ya yi yawa, ta sunkuya.

"Kar ki damu, Inna, bakin ne ya ɓata. Zai gyara, zai rufe shi yadda Baba yake."

"Kar wanda ya taɓa," in ji Inna, ba ta ɗauke ido daga allon ba.

"Amma Baba ai ba ya..."

"Ke kin san mai gyaran agogo. Ni na san wannan. In ya rufe shago ya shigo ɗaki ya ajiye gilashin nan, kun fita wasa, haka yake. Wani abin ma ba abin dariya ba ne, ni ce zan faɗa, shi kuma ya yi ta yi har da tari. Na ɗauka ni kaɗai na rage da dariyar nan. Kai a ina ka gani?"

Auta ya buɗe baki zai ce kuskure ne, Mai Aski ya taka masa ƙafa.

Ta daɗe tana kallo. Mai lemo ya ɓare mata ɗaya ya miƙa, ba ta ma san yana yi ba. Hawaye ya gangaro ta bar shi, ba ta share ba, amma bakinta ya fara bin na allon. Sai kuma ta ɗan runtse ido, ta nuna da yatsa.

"Wancan filin da ke gefensa, shuɗi fetal babu komai, na mene ne?"

Auta ya sosa ƙeya. Kusan rabin allon ne, daga kafaɗar Baba zuwa ƙarshe.

"Nan ake rubuta sunan shago, Inna, da abin da ake sayarwa. Hannuna ne ya saba barin wurin."

"To shi ba shago ba ne." Ta gyara mayafi. "Nan za ka zana ni. Gobe da safe ka zo da kayanka, kafin rana ta yi zafi. Ka zana ni ina kallonsa, kuma ban ce ka ƙirga min tamoji ba."

Zana ta ce, har sau biyu, a bakin titi, a gaban Yaya da Mai Aski da mai lemo. Auta kuwa sai kai yake gyaɗawa yana dariya yana share ido da hannun farar rigarsa.

"Kuma kar ka yi ta jan aikin, Auta," in ji Inna. "Ya daɗe yana zaune shi kaɗai."